Luka da Tayoyin Motar Kanal

Ranar Litinin ce, cikin bazarar shekarar da soja suka miƙa wa farar hula mulki. Tun da hantsi kwaltar titin Zariya take kama takalmi. Hadari ya haɗu ta wajen Hotoro, ya yi baƙi ƙirin, mata suka fara kwashe shanya, sai iska ta zo ta watsa shi, ko ɗigo bai sauka ba. Ina zaune a rumfata ta faci a Gyadi-Gyadi, sai ga Luka Kaza yana mirgino taya da hannu tun daga Tarauni, rigarsa ta jiƙe sharkaf.

Luka mutumin Zonkwa ne. Ya zo Kano yana saurayi, ya yi karen mota, ya koyi tuƙi, daga baya ya samu aiki wurin wani Kanal mai gida a Tarauni. Shi ba soja ba ne, direba ne kawai, kuma shekara goma sha shida ya yi yana jan mutumin nan. A wurina yake shan iska da faci, a nan muka saba.

Shekara huɗu kafin wannan rana aka zo aka tafi da Kanal, a kan zargin da babu wanda ya yi mana bayaninsa. Da za a sa shi a mota, sai ya jefo wa Luka mukulli ya ce, "Riƙe mini." Kuku ya tafi, mai gadi ya tafi, Luka ya zauna a ɗakin bayan gida da matarsa Rifkatu. Ya ɗora motar a kan bulo, ya rufe ta da tamfol. Duk Asabar zai tashe ta, ta yi ɗumi, ya goge ta, ya mayar da rufi. Sau uku ana kiransa aiki, har da na wata makaranta a Hotoro mai albashi mai kyau, yana ƙi. Da masar da Rifkatu ke soyawa a bakin kasuwar Tarauni suka rayu.

Ya kwantar da tayar a gabana, ya ce, "Malam Inuwa, Asabar za a saki Oga. A Yola."

Na ce, "Alhamdu lillahi. To me ya hana ka dariya?"

Sai ya zauna a kan benci ya faɗa mini. Hajiya Saratu, matar Kanal, ta kira shi ta ba shi kuɗin taya a ambulan, ta ce ba ƙari. Idan zuwa Alhamis motar ta tsaya da ƙafarta, shi zai je ya ɗauko maigidan. Idan ba ta tsaya ba, ƙanenta zai tura tasa motar da nasa direban, kuma wannan direban shi zai zarce da aikin. Ƙanen nan ya daɗe yana so a zuba 'yan haya a ɗakin da Luka yake. Luka ya ba hamsin baya. Ba shi da gida a Kano, ba shi da gona a Zonkwa.

Na duba tayar. Duk gefenta ya tsattsage kamar kaushi. Wannan bai dame ni ba, taya ce, a cire a sa wata. Wilin ne, wato ƙarfen da taya ke hawa, ya tsayar da ni.

Motar Fijo ce, amma ba irin haɗin Kaduna ba. Kanal ya taho da ita daga Faransa lokacin da ya je kwas, mota ce ta gudu, malejinta ya wuce ɗari biyu. Wilinta na farin ƙarfe ne mai ado, kuma girmansa ba inci sha biyar ba ne, ba sha shida ba. Na ɗauko sha biyar, ta ƙi shiga. Na ɗauko sha shida, ta shiga tana lilo, iskar da na ba ta tana fita ta baki. Shekara talatin ina faci, ban taɓa ganin irinsa ba.

Litinin da Talata Luka ya yi su a ƙafa. Sabon Gari, Kwanar Dawaki, duk wani mai taya a titin Zariya, yana ɗauke da wilin a kafaɗa. Wani ya ce masa ya koma Faransa. Wani ya ce ya bar masa wilin ya yi murhu da shi. Da yammacin Talata ya dawo rumfata, leɓensa ya bushe, na ba shi ruwa ya riƙe kofin bai sha ba.

"Shekara huɗu, Malam. A ce taya ce za ta kore ni?"

Ranar Laraba na rufe rumfa na bi shi Ƙofar Ruwa, domin an kwatanta masa wani Lawan da ya sayi ragowar kayan wani tsohon sito. Lawan gajere ne mai fara'a, bakinsa ba ya hutawa.

"A'a, direban Kanal! Labarinka ya riga ka zuwa. Kai ne mai yawo da faranti a kafaɗa? Shigo, Baba, yau kukanka ya ƙare."

Ya shiga ciki ya mirgino su ɗaya bayan ɗaya. Huɗu cif. Faɗinsu, zanensu, lambarsu, duk irin na motar. Ba su taɓa taka ƙasa ba, har gashin nan na sabuwar taya yana jikinsu, sun sha baƙin mai suna ƙyalli. Luka ya durƙusa ya dafa ɗaya.

Ni ban iya karanta rubutun jikin taya ba, sai dai lamba. Da farce nake aiki, da hanci. Na danna farcena a zanen, ya ƙi shiga, kamar na danna ƙofa. Na sunsuna, ba warin roba, sai na mai da ƙura.

Na ce, "Lawan, shekararsu nawa a ajiye?"

"Haba Baba, taya tuwo ce da za ta kwana ta lalace?"

"Nawa?"

Ya sosa ƙeya. "Mai siton ya ce tun zamanin farar hular baya suke. Amma a inuwa, wallahi a inuwa."

Na ja Luka gefe. Na ce masa robar nan ta mutu a tsaye. A cikin gari za ta yi yawo, amma in ta haɗu da gudu da zafin kwalta irin na bana, bawonta zai salube gaba ɗaya, kuma ba ta sallama kafin ta yi. Na nuna masa wata hanya. Ga wilin baƙin ƙarfe na Fijon gida birjik a kasuwar, ƙusoshinsu ɗaya da nasa. A sa huɗu, a ɗora musu sababbin tayoyi na bana masu ɗaukar gudu, kuɗin Hajiya zai isa. Nasa wilin a ajiye a ɗaki.

Ya juya yana kallon tayoyin Lawan.

"Malam Inuwa, ka san Oga. Kullum da safe sai ya zagaya motar nan kafin ya shiga. Tayoyin yake fara dubawa. Ya fito daga wurin nan ya tarar na sa wa motarsa ƙafar tasi?"

"Ya tarar da ita da ƙafar da za ta kawo shi gida."

"Cewa ya yi in riƙe masa. Bai ce in canja ba. Abin da nake da shi ke nan da zan nuna masa. In ya ga an canja, mene ne bambancina da direban ƙanen Hajiya?"

Lawan ya leƙo ya ce, "Baba mai faci, ka bar mutum ya sayi abin da ransa ke so mana. Ko kai za ka tuƙa?"

Na ƙara faɗa sau ɗaya, na ga ba ji yake ba, sai na bari. Ya miƙa ambulan.

Alhamis da safe na je Tarauni na ɗaura su da hannuna. Da ƙyar suka hau, sai da na shafe su da ruwan sabulu. Muka sauke motar daga bulo. Gaskiya ta yi kyau, har Hajiya ta fito ta tsaya tana share ido da bakin mayafi. Na ce wa Luka, "Kada ka wuce saba'in. Rana in ta take, ka nemi inuwa ka tsaya. Ka yi mini alkawari." Ya ce ya yi. Rifkatu ta ƙulla masa masa a leda.

Sauran labarin daga bakinsa na ji.

Ya tafi Juma'a, a hankali, ya kwana a hanya, ya isa lafiya. Sai bayan azahar ranar Asabar aka gama takardu aka fito da Kanal. Luka ya ce da ƙyar ya gane shi, ya rame, kansa ya yi fari, yana tafe yana kare ido da hannu. Da ya hango motar sai ya tsaya. Ya zagaya ta kamar yadda ya saba, ya sunkuya ya shafa gashin tayar gaba, ya ɗago yana murmushi.

"Luka. Ba ka canja komai ba."

Luka ya ce a duk rayuwarsa bai taɓa jin daɗi irin na wannan lokacin ba. Sai Kanal ya miƙo hannu.

"Kawo mukulli. Shekara huɗu ina mafarkin hanyar Gombe. Yau sai na ga ƙarshen malejin nan."

Rana tana ƙuna, kwalta tana tururi. Luka ya san tuƙin maigidansa, ba ya sauka daga ɗari da sittin in hanya ta miƙe. Ya damƙe mukullin a hannu.

"Oga, bari in ja ka. Ka gaji."

"Na ce ka kawo."

"Oga, tayoyin ba za su ɗauka ba."

"Sababbin tayoyi?"

"Tsofaffi ne, Oga. Ba a taɓa hawansu ba, amma sun mutu. Ni na zaɓe su, don ka gan ta yadda ka bar ta. An hana ni, ban ji ba."

Kanal ya daɗe yana kallonsa. Ya ce, "Shekara huɗu ana ce mini a'a. In tashi a'a, in zauna a'a. Yau na fito, kai ma?" Ya sake miƙa hannu, Luka ya mayar da nasa baya, hawaye yana zuba, yana cewa, "Ka yi haƙuri, Oga, ka yi haƙuri." Masu gadin ƙofar kurkukun suna kallo. Kanal ya buɗe baya ya shiga.

A saba'in suka taho. Tirela ta wuce su, bas ta wuce su, har akori-kura mai ɗauke da shanu. Sau biyu Kanal ya ce, "Taka ta," Luka bai taka ba. Dole suka kwana a Gombe, sai Lahadi da la'asar suka shigo Tarauni. 'Yan tarba da suka cika gidan ranar Asabar duk sun watse, abinci ya lalace, Hajiya ta kwana tana zaton an mayar da mijinta.

Tayoyin kuwa ko ɗaya ba ta yi komai ba. Ƙanen Hajiya ya zagaya su yana harbi da ƙafa, yana cewa, "Waɗannan ne matattun? Tsufa ne ya kama direban, tsoron hanya yake." Da ɗaya ta fashe a hanya, wataƙila da an yarda da Luka.

Washegari Kanal ya aiko a karɓi mukulli. Bai yi faɗa ba, ya haɗo masa da shadda da abin sallama, ya ce a ba shi wata guda ya nemi ɗaki. Kafin mako ya zagayo, sabon direban ya kawo mini motar, aka sa mata wilin baƙin ƙarfe da tayoyin bana, Kanal da kansa ya ba da umarni. Luka yana zaune a bencina aka yi aikin, shi ya riƙa miƙo mini sifana.

Yanzu Luka yana Darmanawa, a ɗaki ɗaya da Rifkatu. Yana jan bas ɗin cocinsu ranar Lahadi da Laraba, sauran ranakun yana taya ta a wurin masa.