Garwar Kifi Daga Kano Zuwa Gafasa

Kano

Ƙarfe biyar da rabi, bayan sallar asuba, na bar masaukina da garwa a ka, 'ya'yan karfasa ɗari biyu na iyo a ciki. Lokacin ba a daɗe da fara kashe naira ba. Baba ya riga ya yanke magana: in kifin nan suka isa Gafasa da rai, kududdufin gonarmu ya zama nawa in yi kiwo, in suka mutu, in daina mai da shi abin dariya a gari.

Ko ɗar ban ji ba. Wani abokina malamin asibiti ya taɓa bayyana mini aikin jini: shi ke kai wa jiki iska, shi ke kwashe datti. Na ce to, abin da zan yi wa garwata ke nan. Famfon keke da tiyo na tura iska, wani tiyon na zuƙo ƙazanta daga ƙasa. Sharaɗi ɗaya ne, ba su ba abinci sai mun isa.

Wudil

Akori-kura na shiga, ni sule huɗu, garwa sule ɗaya. Ƙarfe tara muka iso gada. Ɗan sanda ya leƙo ya gan ni ina ta bugun famfo.

"Malam, taya ce a garwar?"

"Ranka ya daɗe, kifi nake ba numfashi."

Ya yi dariya ya ɗaga mana hannu. Direba ya ba ni minti goma, na sauya rabin ruwan da na kogi.

Gaya

Mil arba'in daga Kano. Sha ɗaya na sauka gidan Gwaggo Hajara, ƙanwar Baba. Ta dama mini fura, na fita neman motar Ajingi. Da na dawo na tarar ruwan ya yi fari fat, kifi sun taso suna haki.

"Gwaggo, me kika zuba?"

"Dusa ce da ɗan tuwon jiya. Haba ɗan nan, in ba ka fura, su in bar su da yunwa a gidana? Ai baƙi ne."

Ina zan iya yi mata faɗa? Na miƙa mata tiyo ta riƙe, na zuƙe dattin, muka ƙarar da ruwan randarta. Na buga famfo har kafaɗata ta sage. Goma sha ɗaya suka tafi, kajinta suka samu rabo.

Ajingi zuwa gida

Ƙarfe uku muka bar Gaya. Daga Ajingi amalanken shanu na hau, ina bugu ashirin, ina hutawa. Dab da magariba na ga rimin garinmu.

Baba na zaune a ƙofar gida. Ya leƙa garwa, ya daɗe yana kallo. Can ya miƙo hannu.

"Kawo famfon. Ɗauki garwar mu je kududdufinka."

Haka muka ratsa gari, ni da garwa a gaba, dattijo a baya yana bugu, mutane na kallo. Na ji daɗin da ban taɓa ji ba.

Na gode wa Allah da ya kawo mu lafiya. Gwaggo ma na gode mata, ran kamun farko ita na fara kai wa.