Kalangun Mahauta da Jitar Kumasi

Shekara biyu ko uku bayan an ba mu mulkin kai, ina ƙaramin ma'aikaci a fosta ta Dogon Dutsi. Aikina buga hatimi da rarraba wasiƙu, amma abin da ya fi cin lokacina shi ne karanta wa mutane takardun 'ya'yansu da suka tafi cirani. Tsohuwa za ta taso tun daga Lugu da takarda ƙulle a haɓar zane, in warware in karanta mata: ina gaisuwa, ruwa a nan ba ya ɗaukewa, ina marmarin furar gida, in Allah ya yarda da kaka ina tafe. Na karanta irin wannan har maganganun suka zauna mini a ka.

Cikin wata damina taubashina, ɗan kawuna, ya dawo daga Kumasi bayan shekara huɗu. Ya zo da malafa, da takalmi mai tsini, da jita a cikin buhu. Ran da ya fara kaɗa ta a ƙofar gida, na tsaya da buta a hannu na manta inda za ni. Wani karin waƙa ne da ya ce ya ƙirƙiro a hanya, a bayan babbar mota. Yana farawa daga ƙasa ya hau a hankali, ya miƙe a sama, sa'an nan ya gangaro.

"Bawana," in ji shi, don haka muke kiran juna, "kiɗi na da shi, magana ce ba ni da ita. Kai da ka yi boko a lakwal, zuba mini magana a ciki. Za mu kafa orkes, ƙungiyar makaɗa, kamar na birni."

Na ukunmu wani tela ne da ya girme mu da 'yan shekaru, Kirista, mai waƙa a majami'ar mishan. Yana da murya mai faɗi, kuma shi kaɗai a cikinmu ya san do re mi. Rumfar ɗinkinsa da ke ƙofar gidansa ta zama wurin haɗuwarmu bayan la'asar. Shi ne mai rerawa, taubashina da jita, ni kuwa aka ba ni kwalba da ƙusa in riƙe musu ƙafar kiɗi. Ba a daɗe ba wani mushe, malamin lakwal ɗin Geceme, abokin telan, ya ce in an yanke gero zai yi aure, kuma mu yake so mu yi masa wasa. Murna kamar ta kashe mu. Waƙa ko ɗaya ba mu da ita, amma mun amsa.

Na zauna da littafi da alƙalami. A lakwal an koya mana cewa waƙa ƙirga ce: ka ƙirga gaɓoɓi a yatsa, in sun cika shi ke nan. Sai na sa taubashina ya yi ta maimaita karin ina ƙirga bugunsa, na samu tara a layin farko. Abin da zan faɗa kuwa yana hannuna tuni, wato ɗan cirani da ya doshi gida bayan shekaru. Akwai wata tsohuwar kuka a mashigar garin kakannina, wadda ita matafiyi ke fara gani. Na rubuta:

Na hango kuka bakin gari.

Na ƙirga, tara cif. Na yi tsalle har na ture kujera. Cikin kwana uku na cika baiti huɗu da amshi, duk an auna su a yatsa, na kai su rumfar tela ina tafe ina jin kaina.

Tela ya karanta, ya gyara murya, jita ta ɗauka, na buga kwalba. Kai, a kunnena babu abin da ya taɓa yin daɗi haka. Mun kai ƙarshe muka koma farko, muka sake komawa. Ana cikin na uku sai matar telan, wadda ke sheƙar gero a bayan zana, ta leƙo da faifai a hannu.

"Wai wa ya rasu?"

Muka tsaya. Mijinta ya ce babu wanda ya rasu.

"To mi ya kawo kuka? Tun ɗazu kuna cewa kun hango kuka. Kuma kukan a bakin gaari? Garin tuwo ko na fura?"

Na ce, "Yaya, kuka itaciya nake nufi, mai miya. Gari kuma na mutane."

"Ni dai ba haka na ji ba," ta ce, ta koma tana dariya har faifan na rawa.

Na ce tela ya sake rerawa, na kasa kunne da kyau. Gaskiyarta. Kukar itace in za ka faɗe ta, muryarka daga sama take faɗowa ƙasa. A waƙar kuwa ta faɗo daidai inda karin ya miƙe a sama, sai ta koma kukan hawaye. Gari kuma ya zo a ƙarshe inda jita ke jan bugun farko, sai ya zama garin tuwo. Na duba sauran baitocin, abin ya fi haka muni. Inda na ce ɗan cirani ya sha wuya, karin ya mai da shi wuyan rataya laya.

Nan gardama ta tashi. Na ce wa taubashina ya lanƙwasa kiɗinsa. Ya rungume jita kamar za a ƙwace, ya ce tun daga hanyar Kumasi ya ɗauko wannan karin bai zubar da ko ɗigo ba, ni in canza maganata. Na ce ƙirgata ta cika, ba ni da laifi. Kwana biyu ba mu gaisa da daɗin rai ba. Tela ne ya gaji da mu, ya ajiye almakashi ya ce, "Ku tashi mu tai wurin wanda kiɗinsa ke magana."

Ran kasuwa da hantsi ya kai mu rumfar mahauta. A gefenta wani dattijo na zaune a kan turmi da kalangu a hammata. Shi ne makaɗin mahautan Dutsi tun ana mulkin Nasara, in an yi yanka shi ke sanar da gari. Na sha wuce shi ban taɓa tsayawa ba. Muka durƙusa muka gaishe shi, tela ya yi masa bayani. Ya dubi jitar, ya dubi littafina, ya ce, "Ɗana, rufe takardar nan. Faɗa mini maganar da bakinka, kamar kana ba ni labari."

Na faɗa. Ya matse kalangu ya buga, sai ga maganata ta fito daga fatar, na rantse har kukar na ji, itaciya sosai.

"To kai mai molon Turawa, kaɗa naka."

Taubashina ya kaɗa. Dattijon ya bi shi da kalangu bugu da bugu, bai kuskure ko ɗaya ba. Wani mahauci da ke sara ƙashi ya ɗago kai ya ce, "Baba, lafiya? Kukan mi kake kaɗawa da safiyar nan?" Duk rumfar ta kwashe da dariya, har da taubashina.

"Kun ji ko?" in ji dattijon. "Babu wanda ya buɗe baki, amma ya ji kuka. Kowace magana da hawanta da gangararta take zuwa. Kai ka ƙirga ƙafafunta, ba ka dubi inda take hawa ba. Yanzu rufe bakinka gam, ka faɗi maganar ta hanci."

Na ji kunya, ga mutane na kallo, amma na yi. Na yi gunjin layin baki rufe, sai na ji abin da ban taɓa lura da shi ba duk tsawon rayuwata ina Hausa: maganar da kanta waƙa ce. Ya ce in rarraba ta gunduwa gunduwa, in ji wace gunduwa ke hawa, wace ke miƙewa, wace ke sauka. Bakin gari na hawa. Na hango na miƙewa. Kuka na sauka. Ban gama ba na ji kamar an watsa mini ruwa. Karin jitar ma ai haka yake, hawa, miƙewa, sauka. Na daka tsalle na ce, "A juya ta! Bakin gari na hango kuka!"

Tela ya rera ta nan take a tsakiyar kasuwa, jita ta bi, kalangu ya shiga. Kowace kalma ta zauna a mazauninta. Ban ƙara harafi ba, ban rage ba. Taubashina ya ɗaga ni sama yana ihu, "Bawana ya yi hankali!" Wata mai nono da ke wucewa da ƙwarya a ka ta tsaya ta ce wace kuka ce, ta garinsu ma akwai irinta.

Makonnin da suka biyo baya ban san yadda suka wuce ba. Ina buga hatimi ina gunji ta hanci. Shugabana a fosta ya tambaye ni ko haƙori ke damuna. Duk wasiƙar da na karanta wa mutum, sai in ji wani layi a cikinta yana neman kiɗi. Dattijon kuma, da muka roƙe shi, ya riƙa zuwa rumfar tela in ya tashi daga kasuwa. Ba ya yawan magana. In layi ya karkace sai ya buga shi yadda ya kamata a faɗe shi, ya dube ni, in koma in gyara. Wani wuri juyawa ta isa, wani wuri sai na jefar da kalmar da nake so na nemo 'yar'uwarta. Maimakon ya sha wuya sai na sa ya sha rana, kuma ya fi daɗi.

Layi ɗaya ne ya ƙi. Shi ne inda ɗan ciranin ke cewa, "Inna, ki dama fura, ga ni tafe." Daga wasiƙar wani na ɗauko shi, kuma na ga yadda uwar ta rufe fuska da mayafi da na karanta mata. Na juya shi gaba da baya, bai shiga ba, gaɓoɓinsa sun yi wa karin yawa. Na ce wannan kam ba zan taɓa shi ba. Dattijon ya buga shi a kalangu sau biyu, ya juya wajen taubashina.

"Wanga karon kai za ka matsa. Maganar ta fi kiɗinka gaskiya."

Taubashina ya ɓata rai, ya koma gefe da jitarsa ya ba mu baya. Muna jin shi yana ƙwanƙwasa, ya tsaya, ya sake. Can sai ya juyo idonsa na ƙyalli. Ya buɗe wani ɗan gurbi a tsakiyar karin, inda jita ke yin shiru bayan an ce Inna, kamar mai jiran a amsa, sa'an nan ta zubo da sauri ta kwashe sauran. Da tela ya rera shi, matarsa ta fito daga bayan zana ta ce a sake. Sau biyar muka sake mata. Daga ranar taubashina ya riƙa cewa wannan gurbin tun a Kumasi yake da niyyar sa shi.

Aka yanke gero, ranar biki ta zo. Muka hau motar ɗaukar kaya zuwa Geceme, mu huɗu, tela ya ɗinka mana riguna iri ɗaya, har da dattijon, wanda ya sa tasa a kan tsohuwar rigarsa. Bayan azahar aka share fili gaban gidan ango. Mutane sun zo kallon jita ne, yawancinsu ba su taɓa ganin ta ba. Amma kalangu na fara magana fili ya yi tsit, tela ya ɗauka, kafin mu kai baiti na biyu mata sun kama amshi:

Mu koma Dutsi, gero ya nuna.

Da aka zo wurin Inna, a ɗan shirun nan, wata tsohuwa daga cikin taro ta amsa da ƙarfi, "Na'am, ɗana!" Fili ya ɗauki guɗa. Na dubi taubashina, shi ma ni yake kallo.

Daga nan waƙar ta fita hannunmu. 'Yan Lugu suka ce mu koma Lugu, ta zauna daidai. 'Yan Tibiri suka cusa nasu, da ɗan gudu amma ya shiga. Sai wani dogon mutum, kawun amarya, ya ratso fili ya ɗaga sanda ya ce shi daga Ɗan Kassari ya taso da jakinsa tun jiya, kuma ba ya barin wurin nan sai an sa garinsu. Tela ya gwada, mu koma Ɗan Kassari, sunan ya yi tsawo, ya yi tuntuɓe, aka yi dariya. Mutumin bai yi dariya ba. Duka suka juyo suna kallona.

Na rufe baki na yi gunjin sunan, a gaban jama'a, ko kunya ban ji ba. Dattijon ya buga shi a hankali, ya bar bugu ɗaya fanko a gabansa. Bugu ɗaya, kalma ɗaya. Na matsa kusa da tela na raɗa masa, ya ɗaga murya:

Sai Ɗan Kassari, gero ya nuna.

Mutumin ya jefar da sanda ya shiga rawa, babbar rigarsa na share ƙasa. Sai da muka yi masa ita har ya gaji don kansa. Da za mu tafi ya riƙe hannuna ya ce in an yi bikin ɗansa baɗi mu za mu zo, kuma yana son waƙa sabuwa, wadda za a sa jakinsa a ciki. A motar dawowa, rana na shirin faɗuwa, taubashina ya fara laluben wani karin, ni kuma ina gwada jaki ta hanci in ji ko hawa yake ko sauka.