Mun Shanye Irin Baba Manasse

Kai mai karatu, idan ka je zaman makokin Baba Manasse a unguwar Gomari, ka sha kunun da aka raba? Ka san abin da ka sha kuwa?

Baba Manasse ya rasu ranar Talata, 13 ga Mayu, 2025, a ɗakin da ya zauna tun da muka gudo daga ƙauyenmu na gindin dutse, shekara goma sha ɗaya ke nan. Mun binne shi a Maiduguri, domin hanyar gida har yau ba ta biyuwa.

Baba, ranar gudu kowa ya ɗauki abin da hannunsa ya kai. Kai jar dawar ƙauyenmu ka ƙulle a bakin riga, irin da kakanninmu suka shuka. Iri ba ya jure dogon ajiya, shi ya sa kowace damina kake shuka shi a ɗan filin bayan majami'a, ka girbe, ka cuɗa da toka saboda ƙwari, ka rufe a tulu. Maƙwabcinka Madu yakan tsokane ka: "Baba, wannan gona ko akuyata ba za ta ƙoshi da ita ba." Kai kuma ka ce, "Madu, kai ka san shinkafar Zabarmari. Wannan ta komawa gida ce, bakin akuyarka bai kai ba."

Ba ka iya karatu ba, ni ma ban yi makaranta ba. Amma akwai aya guda da ka haddace, inda Ubangiji ya yi alkawari zai tattaro mutanensa daga inda aka watsa su, ya sake dasa su a ƙasarsu. Ka sa aka nuna mini inda take a Littafi Mai Tsarki, kana faɗa ina bi da yatsa, har baƙaƙen suka buɗe mini. Duk ranar shuka sai na karanta maka ita. Na sha yi maka rashin kunya, na ce, "Baba, yaushe? Allah ya manta lambar gidanmu ne?" Sai ka ce, "Ɗana, wanda ya yi alkawarin bai gaji ba. Kai da aka yi wa ne za ka gaji?"

Ga abin da ya faru. Rana ta biyu ta zaman makoki baƙi suka yi yawa, hatsi ya ƙare. Jikarka Agnes ta shiga ɗakinka, ta ga tulu cike da dawa. Shekararta shida muka baro gida, ba ta ma tuna yadda ake ajiyar iri. Ta ɗauka tokar datti ce, ta wanke ta tas, ta kai inji. Ban ga laifinta ba. Tun ranar take kuka.

Amma manya fa? Dattijo Nicodemus, shugaban dattawan ikilisiyarmu, ya kurɓa ya ce, "Kai, kunun nan kamar na gida!" Ya miƙa kofi a ƙara masa. Ni ma na sha kofi biyu, Allah ya gafarta mini. Sai da na ga tulun a kife na gane.

Zangarniya ɗaya ta rage, wadda ka rataye a jikin kwanon ɗaki. Tana hannuna. Damina saura makonni. Na je filin bayan majami'a in duba, sai na tarar an jibge bulo da yashi, wai za a ƙara gini. Tun kana kwance aka sauke su, ba wanda ya gaya maka. Ɗakinmu na haya siminti ne har bakin ƙofa. Gida ba ya zuwuwa, nan ɗin ma babu taƙi ɗaya na ƙasa da za mu ce namu.

Ubangiji ya ba ka hutawa a wurinsa, Baba, ya kai ka gidan da ba a korar kowa. Ya ta'azantar da 'ya'yanka da jikokinka, ya sanyaya zuciyar Agnes. Madu, mun gode da tabarmin da ka shimfiɗa wa baƙinmu.

Dattijo Nicodemus, da girmanka, amma ba zan karɓi amsa a bayan ɗaki ba. Ranar Lahadi, lokacin sanarwa, ka tashi gaban jama'a ka gaya mana: har yanzu muna jiran alkawarin nan, ko kun yanke shawarar mun zauna ke nan? In muna jira, a kwashe bulo kafin ruwan farko. In mun zauna, ka faɗa da bakinka, kowa ya ji. Zan zauna a bencin gaba, da zangarniyar a cinyata.