Farar Rigar Gidan Burodi

Smiljka, ma'aikaciyar jinya a sashen jijiyoyi na wani asibiti a Novi Sad, tana kallon matar da ke tahowa, kafaɗa na gogar bango, ƙafar hagu na jan ƙasa. Ta rangaɗa jan-baki, farar rigar masu gasa burodi a jikinta ta sha guga. Cutar sikilarosis mai cin jijiyoyi ce ke damunta, amma ba ta riƙe sanda. Wataƙila girman kai ne, wataƙila so take a ga tangaɗin.

Da matar ta iso, Smiljka ta shiga yi mata bayani cewa za a haɗa bayanan asibiti da na ofishin ƙwadago, a gano masu cutar nawa suka rasa aiki, kuma ba za a sa sunan kowa ba.

"Har nasa?" in ji matar.

"Na wa, Yaya?"

"Gojko mai gidan burodi. Ya ga ina tangaɗi da safe, ya ce da barasar nan mai ƙarfi da ake kira rakiya na karya kumallo. A gaban masu saye ya shinshina bakina, ya kore ni daga aiki."

"Lamba kawai ake sawa."

Matar ta gyara wuyan rigar.

"To ki ƙirga da ni, 'yar nan, sauran ki bar mini. Kullum sai na tsaya ƙofar shagonsa cikin rigar nan, in yi ta tangaɗina. Yanzu duk unguwa ta yarda mashaya ne ke kwaɓa masa fulawa."