Mai Ɗanɗana wa Yarima Magani

Iya, mahaifiyar Ummana, wankan jego ne ya kawo ta Kuala Lumpur. Umma ta haifi ƙanena Sadiƙu bakwaini. Iya ta sauka da kanwa da garin kunu a jaka, ta ce da an yi arba'in za ta koma Kano wurin kakanmu, Malam. Kafin arba'in ɗin, korona ta sa aka rufe ƙasa.

Gidanmu na Bukit Jalil babu murhu. A kan gas take ɗora babbar tukunya bayan magariba, ta zuba ganyen darbejiyar da Abba ke samowa a kedai, wato shagon wani Ba'indiye. Kafin ruwan ya tafasa, ni kuma ina zaune a ƙasa kusa da ƙafarta. Ba ni da surutu, in ma na buɗe baki Turanci ke fitowa.

"'Yar boleh-boleh," takan ce, tana tsokanata da boleh, kalmar da mutanen garin ke cewa in sun amince, "matso in ɗura miki Hausa."

Da rana tana kallon wasan Sinawa na zamanin da a talabijin. Ba ta jin ko kalma ɗaya, kuma ba ta yarda a fassara mata. Fadar da tufafin kawai take ara, labarin nata ne.

"Ga ta nan tafe, tun daga birnin Sin. Sunan matar ya fi ƙarfin bakina, mu ce Lanti."

Aikin Lanti a fada shi ne ɗanɗana duk maganin da za a ba yarima, wani jariri mai yawan ciwo, don gidan cike yake da masu guba. Mijinta soja ne, an tura shi gadin babbar ganuwa. Sai saƙo ya zo cewa kibiya ta same shi, yana kwance yana kiran sunanta. Sarki ya ba ta izinin bin ayarin ƙarshe, kafin ƙanƙara ta toshe hanya. Ta ɗaure kayanta, ta kai bakin jar ƙofa, sai ta jiyo tarin yarima.

Kullum a nan Iya ke tsayawa. "Ruwa ya tafasa," in ji ta.

A kwanakin nan Malam ma tari yake. In ya kira, hirarsu ba ta wuce, "Ya jikin?" "Da sauƙi." "Ana dama maka kunun da tsamiya?" Amma na lura in ya kashe, takan daɗe da wayar a kunne.

Sai Abba ya samo mata kujera a jirgin da zai kwashe 'yan Najeriya. A makon kuma jinin Umma ya hau, aka kwantar da ita asibiti, ba a barin kowa ya shiga. Sadiƙu ya ƙi kwalba, sai madarar da Iya ke ɗiga masa da cokali, bayan ta taɓa a harshenta.

Umma ta kira tana kuka. "Iya, ki tafi. Baba ya fi buƙatarki."

"In bar wa wa ɗan nan? Mijinki da ko goyo bai iya ba?"

Ina kallo ta zuge jakar da ta riga ta haɗa, ta fito da kanwar, ta mayar kicin.

Da magariba babu mai wanka, amma ta ɗora tukunyar. Ta ce Lanti ta juya, ta kwance kayanta, ta ɗanɗana maganin. Ayari ya tafi.

Na haɗa Hausata da ƙyar. "Iya, mijin nata kuma fa?"

"Ya yi ta jira, har ya daina."

"Ba ta son shi ne?"

Ta dubi tururin. "Ke, rage wutar nan."

Malam ya rasu da hantsin Kano. Kafin Abba ya iya faɗa mata, har an kai shi. A ɗakina ta yi takaba, ba talabijin, ba tatsuniya. Ba ta yi kuka a gabanmu ba, sai dai na riƙa ganin gefen mayafinta a jiƙe.

Na daɗe ina jin haushin Lanti. Sai da na ƙara wayo na gane cewa matar da kunya ta hana ta ko ambaton sunan mijinta ba ta da inda za ta ajiye wannan nauyi sai a fadar wasu mutane. Kuma ni kaɗai ta faɗa wa.

Kwanaki na kira ta Kano, na tambaye ta ƙarshen labarin. 

"Yariman ya rayu," ta ce. "Ya zama ɗan ƙiriniya. Ba ni shi mu gaisa."