Hannun Aiki da Hannun Ado

Ban yi boko ba, allo ma malaminmu ya gaji da ni tun kafin in gaji da shi. Amma na hau jirgin sama har sai da ya gundure ni, kuma duk albarkacin hannun da ba ni da shi.

A kamfanin fata nake aiki a Challawa, lokacin dawa tana leƙen katangar masana'antu. Ina kan injin da ke kankare nama da kitse daga jikin fata. Ka ɗauko jiƙaƙƙiyar fatar akuya, ka shimfiɗa, ka riƙe gefenta gam, wuƙaƙe su ja, kai ma ka ja. Wata rana injin ya ja fata ya haɗa da hannuna na dama. Ban san abin ya kai haka ba sai da na ga abokin aikina, wani Badamagare da kullum yake kirana bawansa, ya ɗora hannu a ka yana salati.

Da na fito asibiti, ƙungiyar ma'aikata ta matsa, mai kamfani ya yarda a kai ni Italiya, inda aka sayo injin, a yi mini hannu. Manaja kuwa bai ɓoye mini komai ba.

"Malam, in ka dawo kana iya riƙe fata, injinka na nan. In ba ka iya ba, ka san nan ba wurin zama ba ne."

Na sani. Ga mata da yara a ɗakin haya a Sharaɗa, ga tsoffi a ƙauyenmu wajen Ringim, duk daga injin nan suke ci. Gona kuma ba ta karɓar mai hannu ɗaya.

Da injiniyan kamfani muka tafi, ya miƙa ni ga likitoci ya shiga sabgarsa. Hannu biyu suka yi mini. Ɗaya na ado ne, da yatsu da farce har da jijiyoyi, sai dai ko ƙuda ba ya kora. Sun ce shi ne mafi duhu da suke da shi, amma launinsa na shayin da aka cika wa madara ne. Ɗayan na aiki, ƙugiyar ƙarfe mai baki biyu kamar awartaki, da ɗamara ta zagayo kafaɗa. In na motsa kafaɗa ya buɗe, in na saki ya damƙe. Mummuna ne ƙwarai. Da shi na koyi ɗaukar cokali, da buta, har da allura. Ranar da aka kawo mini jiƙaƙƙiyar fata na damƙe ta, likita ya ja da ƙarfinsa ba ta kuɓuce ba, na juya na fuskanci bango don kada Turawa su ga ƙaton Bakano yana hawaye.

Dawowa ni kaɗai ne, injiniya ya riga ni tafiya. Jirgi zai kai ni Rum, wani ya kai ni Ikko, wani ya kawo ni Kano. Na saka hannun ado, don ina so in sauka Kano da yatsu, a yi kallo. Ƙugiyar na naɗe ta da tawul na sa a jakar da zan shiga jirgi da ita, tare da biskit ɗin yara. Da masu bincike suka buɗe jakar, ɗaya ya ɗaga ƙugiyar sama yana buɗe bakinta yana rufewa. Na zare hannun ado na nuna masa dungulmina, na yi duk bebancin da na iya. Ya girgiza kai. Ƙarfe mai tsini ba ya shiga wurin fasinja, sai dai cikin akwatin da ke tafiya a cikin cikin jirgi. Aka dawo mini da akwatina shuɗi mai ɗaurin jar igiya, na cusa ƙugiyar tsakanin riguna, aka sake tafiya da shi.

A Rum na rikice, ina neman inda zan karɓi akwati. Allah ya haɗa ni da wani ɗan Kumasi mai jin Hausa.

"Baba, ka kwantar da hankalinka. Kai dai ka nemi jirginka. Akwati zai bi ka da kansa."

Ban yarda ba sai da na leƙa ta gilashi na hango jar igiyata a kan kura, ana tura ta ƙarƙashin jirginmu. Na ce lallai akwatin nan ya fi mai shi hankali.

To a Ikko aka sami gwani. Mutane suka taru a bakin abin nan mai zagayawa da kaya, suna turereniya, suna gumi. Na wuce su ina taku ɗai-ɗai, jaka a kafaɗa, har ina tausayinsu, na ce bayin Allah ba su san tafiya ba. Na tambayi inda jirgin Kano yake, aka nuna mini motar da ke kai mutane ɗaya filin, na shiga.

A Kano na tsaya har kowa ya ɗauki nasa, abin ya daina zagayawa. Wani ma'aikaci mai furfura ya karɓi 'yar takardar da aka manna a tikitina ya duba.

"Malam, a Ikko ka ɗauki akwatinka ka nuna wa kwastan?"

"A'a, ranka ya daɗe. Shi yake bina."

"Wa ya ce maka?"

"A Rum haka ya yi."

"A Rum wucewa kake. Ikko kuwa ƙasa ka shigo. Sai ka ɗauka, a duba, ka kai shi jirgin gida a sake aunawa. Me ke ciki?"

Na ce hannu. Yaran ofis suka tuntsire da dariya, ni ma na taya su, don ban ga abin da zan yi ba. Dattijon bai yi ba.

Badamagare ne ya zo tarata da kekensa. Ya kama hannun ado ya jujjuya.

"Bawana, Baturen wa ka kashe ka ciro wannan?"

"Na ubangidanka ne, na Faransa. Ya ce in mare ka da shi."

Muka yi dariya har Ƙofar Ruwa. Daga nan na gaya masa hannun aikin yana cikin akwatin da na baro a Ikko, ya yi ta tuƙa kekensa har Sharaɗa.

Na yi ta sintiri filin jirgi. Kullum an aika saƙo Ikko, kullum ba amsa. Har na bi motar fata na koma can, aka shigar da ni wani ɗaki da akwatuna suka kai rufi, marasa masu. Na ɗaga abin da hannun hagu zai iya ɗagawa. Shuɗaye da yawa, babu nawa. Kamfaninmu ya ce ya yi nasa, ba zai sake yi mini wani hannun ba.

Babbar Salla ta wuce, fatun layya suka cika fili, manaja ya aiko cewa ba za a bar inji a tsaye ba, in zo in gwada. Badamagare ya kai ni wurin wani maƙeri a Sharaɗa. Na kwatanta masa, ya ƙera ƙugiya da iyakar iyawarsa, muka ɗaure ta a dungulmina da robar taya. Ba ta buɗewa, ba ta rufewa, sai dai ta soka.

Na sa takalmin roba, aka ɗaura mini rigar ledar da ke tare ruwa, na tsaya gaban injina. Warin wurin ma daɗi ya yi mini. Fatar farko na soka ta, inji ya ja, ta yage tun daga wuya har wutsiya. Ta biyu haka. Fatar da ta huje ba ta da mai saye, wannan ko maigadi ya sani. Na cire ƙugiya na danne da dungulmi, ta sulluɓe, wuƙaƙe suka wuce dab da gwiwar hannuna. Manaja da kansa ya kashe injin.

"Ya isa, Malam. Kada ka bar mana ɗayan."

Bai yi faɗa ba. Da ya yi, da na sami abin ramawa.

Aka ce in mayar da kayan aiki sito. Takalmi na taka diddige na zare. Rigar leda kuwa a baya take da ƙulli, kuma an ɗaure shi tamau. Na kai hannun hagu ina lalube, ina juyawa kamar akuya a turke, mutane suna ta kawar da kai. Sai wani da ban sani ba, sabon zuwa daga Gumel, ya matso ya ce, "Baba, bari in kwance maka." Ya kwance a hankali, ya zare ta daga wuyana. Mai sito ya ce masa ba sai ya kawo ba, ya saka kawai, fata na jira.