Wayar Malam a Cikin Adaka

Ƙarfe goma da kwata na safiyar wata Asabar na kunna wayar kakana, wanda duk gidan ke kira Malam, bayan ya kusa shekara da rasuwa. Na riƙe lokacin ne domin agogon wayar ya rikice, sai da na duba nawa na gyara shi. Gilashinta ya kawo haske, amma inda sandunan sabis suke tsayawa babu ko ɗaya.

Muna tsakar gida ne a Birchi. Kaka, matarsa, tana kan tabarma tana tsince wake, ta miƙe kumburarrun ƙafafunta.

"Ke mai ido huɗu," in ji ta, don haka take tsokanata saboda tabarau, "ta tashi, ko ita ma ta bi mai ita?"

Na ce ta tashi. Na ɗaga ta sama, na zagaya bayan rumbu, na hau kan turmi. Tawa wayar tana kama sabis, ta Malam ko alama.

A lokacin ina aji biyu a jami'a a Dutsin-Ma. Abin da ya kawo ni gida shi ne tallafin da gwamnati ke ba tsofaffi marasa ƙarfi, wanda Kaka ke cikinsa. Ba kowane wata yake zuwa ba, amma da shi ake saya mata maganin hawan jini. An yi shela cewa kowa ya shiga asusunsa ta intanet ya tabbatar yana raye kafin ƙarshen wata, wanda bai yi ba a cire sunansa. Kafin a shiga kuma sai an turo lambar sirri zuwa layin da aka yi rajista da shi. Ranar da masu rajista suka zo ƙauyen Kaka ba ta da waya, Malam ya ba da lambarsa, kamar yadda kowane maigida ya yi.

Da ya rasu a farkon damina, bayan an dawo daga maƙabarta Kawu, ɗansa da ke zaune a gidan, ya tattara kayan mamacin: riguna, huluna, buzu, rediyo da wayar. Aka kashe ta, aka naɗe a cikin rawani, aka sa a adaka aka kulle. A gidanmu ba a taɓa kayan mamaci sai an raba gado. Liman ya ce ko sauran katin da ke cikin wayar haƙƙin magada ne, wanda ya yi kira da shi ya ci rabon wani. Aka ce a jira a cire gero da wake daga gona. Da aka cire, aka ce a jira babban ɗan Malam, wan su Kawu, da ke aiki a Kudu, shi kuma yana tsoron hanya. Duk wannan lokaci katin cire kuɗi na Kaka yana aiki, Kawu yana kai shi Kurfi wurin mai na'ura, don haka ba wanda ya tuna da wayar. Ko ranar Asabar ɗin ma sai da ya kira 'yan'uwansa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ce ya yarda, sannan Kaka ta kwance ɗan makullin daga bakin zanenta.

Ranar Litinin na tsallake lacca, na kai layin shagon masu rajistar layi a Dutsin-Ma. Mai shagon ya danna lambar a na'urarsa, ya ɗago ya dube ni.

"Hajiya, wannan ai ya daɗe da mutuwa. An ba wani."

"An ba wa? Namu ne fa, ga shi a hannuna."

"Roba ce a hannunki. Layin da aka bari a kashe wata da watanni, kamfani yana karɓe abinsa ya sayar. Yanzu yana kan sunan wani, da hotonsa da yatsunsa. A ina kuka ajiye shi haka?"

Na ce a adaka. Ya fara dariya, da ya ga fuskata sai ya tsaya ya ce Allah ya jiƙan rai.

Na karanta duk bayanin da ke shafin tallafin, har ƙananan rubutun ƙasa da ba a karantawa. Akwai wurin canza lambar waya, na yi murna da na gan shi. Na danna, ya ce zai fara tura lambar sirri zuwa tsohon layi.

Muka ɗora Kaka a kan babur zuwa Kurfi, ni a bayanta ina riƙe da ita. A ofishin da ke kula da tallafin mun tarar da tsofaffi zaune a inuwar bango, wasu da waya a ƙulle cikin leda, wasu da jikoki. Sai bayan azahar muka shiga. Ma'aikacin mutumin kirki ne, ya tashi ya ba Kaka kujerarsa, ya saurare ni har na gama. Ya ce canza layi ba tare da tsohon ba sai mutanen Katsina sun zo da na'urar ɗaukar yatsa, kuma bai ga alamar za su zo kafin wata ya ƙare ba.

"Ɗana," in ji Kaka, "mi ake son a tabbatar? Cewa ina da rai? To ga ni. Taɓa hannuna ka ji."

"Na gan ki, Iya. Wallahi da biro ake yi da na sa hannu yanzu. An ɗaure abin ne saboda ɓarayi, sun kwashe na mutane da yawa."

"Ɓarayin sun shiga, mai ɗaki ce aka kulle a waje."

Ma'aikacin ya taimaka mata ta miƙe. Da za mu fita ya biyo ni bakin ƙofa, ya rage murya. Ya ce dabara ɗaya ta rage: in kira wanda layin ke hannunsa in roƙe shi, in lambar ta shigo ya karanta mini.

Ni ko a aji ba na ɗaga hannu, bare in kira baƙon namiji da roƙo. Na kwana ina tsara abin da zan faɗa. Washegari na ga Kaka tana raba ƙwayar maganinta biyu da wuƙa, tana mayar da rabin cikin kwalba. Na koma ɗaki na danna lambar. A wayata har yanzu sunan Malam ne a kanta.

Wani ya ɗauka, ana jin ƙarar injin niƙa a bayansa. Na yi sallama, na fara bayani. Ina ambaton lambar sirri ya kashe. Na sake kira da yamma, bai ɗauka ba. Na tura masa saƙo mai tsawo, na ce in yana kusa zan zo da tsohuwar har inda yake ya gan ta. Bai amsa ba.

Ranar ƙarshen wata, bayan la'asar, na buɗe shafin a wayata na danna a tura lambar. Minti kaɗan take yi ta lalace. Na kira da wayar Kawu, na miƙa wa Kaka. Ta karɓa da hannu biyu, ta dube ni, ta ce ba ta taɓa kiran lambar nan ba ko Malam yana da rai, don ko ya fita, gida yake dawowa.

"Salamu alaikum, bawan Allah," in ji ta. "Ni ce matar mai layin nan na da. Ba kuɗinka nike so ba. Wasu lambobi ne suka shigo maka yanzu, nawa ne, ka karanta ma jikata don Allah don Annabi."

Mutumin ya saurare ta har ta gama. An kashe injin. Ya ce ta ba yarinyar.

Na karɓa, na ce, "Malam, ka ga saƙon?"

"Na gani, yana gabana."

"To ka taimaka mana, lokaci na tafiya."

"Ƙanwata, bara haka aka kira mahaifina. Mace ce, da sallama, da ladabi, har da wata tsohuwa tana kuka a gefe. Ya karanta masu. Abin da ya tara na sayen taki duk suka share, bai yi noma ba, har yau bai koma daidai ba. Na ɗora hannu a kan Alƙur'ani ba zan ƙara karanta wa kowa lamba a waya ba. Muryarki ba ta yi kama da ta macuta ba, amma waccan ma ba ta yi ba. In gaskiya kuke faɗa, ki ce wa Iya ta yafe mini. Ba zan karanta ba."